Guzuri a kati ko a hannu: Abin da matafiyi ya kamata ya sani kafin ya hau jirgi

Duk shekara idan aka fara bita a sansanonin alhazai, akwai tambayar da maniyyata ba sa gajiya da yi wa jami'ai: guzurin nan a hannu za a ba mu, ko a kati?

Tambayar ta samo asali ne daga wata takardar umarni da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya aika wa bankuna a watan Fabrairun 2024. A cikinta ya hana su ci gaba da bai wa matafiya tsabar dala a matsayin guzurin tafiya ƙasashen waje, wanda aka fi sani da PTA da BTA. Ya ce daga lokacin sai dai a riƙa biya ta hanyoyin zamani, ciki har da katin banki.

Da aikin Hajjin 2025 ya gabato, an so a bi wannan tsari da maniyyata. Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta nemi a sassauta, kuma bayan Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sa baki, babban bankin ya amince a ba su dalarsu 500 a hannu. Hujjar hukumar ita ce mafi yawan alhazan Najeriya manoma ne mazauna karkara da ba su saba da kati ba, sannan na'urorin cire kuɗi da ke kusa da masaukansu ba za su wadatar da su ba.

Sai dai sassauci aka yi, ba a soke manufar ba. Don haka maganar kati za ta ci gaba da dawowa, kuma ta shafi mai zuwa Umara, da ɗan kasuwa mai zuwa Dubai ko China, da mai raka mara lafiya Masar ko Indiya, da ɗalibin da ke karatu a waje.

Mene ne katin guzuri?

Kati ne da ake zuba masa kuɗin waje, galibi dala, tun kafin mutum ya bar gida. Abin da aka zuba shi kaɗai za a iya kashewa. Idan ya ƙare, katin ya tsaya sai an sake zuba wani. Yawanci yana ɗauke da tambarin Visa ko Mastercard, abin da ke sa na'urorin ATM da na POS na kusan kowace ƙasa su karɓe shi.

Akwai buƙatar a bambanta shi da wasu katuna biyu da mutane kan haɗa su wuri guda.

Na farko shi ne katin asusun dala. Shi a haɗe yake da asusun ajiyar mutum kai-tsaye, don haka wanda ya samu katin da lambar sirrinsa ya samu hanyar shiga dukan abin da ke cikin asusun.

Na biyu shi ne katin naira da kowa ya sani. Idan banki ya yarda a yi amfani da shi a waje, duk sayayyar da aka yi za a lissafa ta ne da farashin canjin wannan rana, a cire naira daga asusu.

Katin guzuri ya bambanta da su ta fuska biyu: ba ya taɓa sauran ajiyar mutum, kuma an riga an yi canjin naira zuwa dala tun ranar da aka zuba kuɗin. Ba katin bashi ba ne, saboda haka babu maganar kuɗin ruwa a kan abin da aka kashe. Amma akwai caje-caje, kuma za mu zo kansu.

Me ya sa CBN ke son kati?

Amsar tana cikin tarihin ƙarancin dala a Najeriya.

Shekaru da dama akwai tazara mai faɗi tsakanin farashin dala na gwamnati da na kasuwar bayan fage. Ƙa'ida ta bai wa mai tafiyar ƙashin kai damar sayen har dala 4,000 duk wata uku a farashin banki, mai tafiyar kasuwanci kuma har dala 5,000. Wannan ya buɗe wata ƙofa: mutum ya yanki tikiti, ya karɓi dala a banki, ya soke tikitin, ya wuce Wapa a Kano ko Zone 4 a Abuja ya sayar, ya ci ribar tazarar ba tare da ya leƙa filin jirgi ba.

A watan Yunin 2023 gwamnati ta haɗe farashin canji wuri guda, naira ta faɗi daga kusan 460 a kan dala ɗaya zuwa sama da 1,000 cikin 'yan watanni. Babban bankin a ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya shiga toshe kafofin da dala ke zurarewa, kuma hana biyan guzuri da tsaba na daga cikin matakan.

Lissafin bankin a fili yake. Dalar da ke cikin kati tana barin sawu: an san inda aka kashe ta da ranar da aka kashe. Ita kuwa tsaba, da zarar ta fita daga banki labarinta ya ƙare. Ga kuma ɗawainiyar tanadar takardun dala masu yawa a lokaci guda. Idan maniyyata 50,000 ne za su karɓi dala 500 kowannensu, ana maganar dala miliyan 25 ke nan a takarda, da za a ƙirga, a yi dakonsu zuwa jihohi, a raba hannu da hannu.

Amfanin da matafiyi ke samu

Ba gwamnati kaɗai ke da riba a kati ba.

Babbar fa'ida ita ce tsaro. Kusan kowace shekara ana samun rahoton alhajin da aka yanke wa jaka a cikin cunkoso, ko wanda ya manta guzurinsa a banɗaki. Akwai kuma masu damfarar da ke zuwa da sunan taimakon ƙirga ko canji, su karɓi takardun dala 100 su mayar da na dala ɗaya. Takardun dala girmansu ɗaya, launinsu ya yi kama, don haka wanda bai iya karanta lambobin boko ba sai ya isa wurin mai canji a Makka ko Madina kafin ya gane abin da aka yi masa.

Tsabar kuɗi idan ta ɓata ta tafi ke nan. Kati kuwa idan ya ɓata, ana iya rufe shi, kuɗin na nan.

Fa'ida ta biyu ita ce kulle farashi. Wanda ya zuba dala 500 a kati yau, dala 500 ce ko da naira ta faɗi gobe. Ga mai zuwa Saudiyya lissafin ya fi sauƙi, domin tun 1986 an ɗaure riyal da dala a kan riyal 3.75. Ke nan dala 500 daidai take da riyal 1,875. Haka ma dirhamin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a ɗaure yake da dala, a kan kusan 3.67.

Ta uku ita ce abin da mutane ba su cika son ambata ba. Idan Allah ya yi wa alhaji rasuwa a can, kuɗin da ke aljihunsa ko a ƙasan jakarsa ya dogara ne ga amanar waɗanda ke kusa da shi. Wanda ke cikin kati yana rubuce a banki da sunansa, magada na iya bin kadinsa, ko da yake sai sun bi ta cike-ciken takardu.

Inda kuɗin ke zurarewa

A nan ne ya kamata mai kati ya buɗe ido, domin kuɗin da ke tafiya a caji ba a jin fitarsa.

Akwai kuɗin buɗe katin. Akwai cajin cire kuɗi a ATM, wanda kan zo ta fuska biyu: bankin da ya ba ka katin ya ɗauki nasa, wani lokaci mai na'urar ma ya ɗauki nasa. Akwai kuma ƙarin da wasu bankuna ke yi idan an kashe kuɗi da wani nau'in da ba shi ne a cikin katin ba, kamar katin dala da aka yi sayayyar riyal da shi.

A ɗauki misali. A ce kowace cira tana cin dala 4. Alhajin da ke zuwa na'ura duk bayan kwana uku ya ciri 'yan riyaloli, cikin wata guda ya je sau goma, ya biya dala 40. Wannan kaso 8 cikin 100 ne na guzurinsa, kimanin riyal 150. Wanda ya ciri nasa sau biyu kacal, dala 8 ya biya. Kati ɗaya, banki ɗaya, amma sani ya raba su.

Sai tarkon da ya fi kama mutane. Idan ka sa katin dala a na'urar ATM ko POS a ƙasar waje, wani lokaci na'urar kan tambaye ka: a caje ka da kuɗin katinka, ko da kuɗin ƙasar da kake? Mutum zai ga kamar zaɓen dala ya fi, tunda ita ce a katin. Alhali idan ka zaɓi dala, ka ba mai na'urar damar ya yi maka canjin da farashin da ya ga dama, wanda kusan kullum ya fi tsada. Idan ka zaɓi kuɗin ƙasar, kamfanin katin ne zai yi canjin, kuma farashinsa ya fi kusa da na kasuwa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a Saudiyya zaɓi riyal, a Dubai zaɓi dirhami, a Faransa zaɓi yuro.

Akwai kuma riƙe kuɗi. Otal-otal da kamfanonin hayar mota kan riƙe wani adadi a kati a matsayin jingina ranar da baƙo ya sauka. Ba su cire ba, amma mai katin ba zai iya taɓa shi ba, kuma sakinsa kan ɗauki kwanaki bayan ya bar otal ɗin. Ga mai katin da abin da ke ciki ƙayyadadde ne, wannan na iya barinsa da yunwa alhali a rubuce yana da kuɗi.

Na ƙarshe shi ne ragowa. Idan an dawo gida da sauran dala 30 ko 40 a kati, da yawa kan manta da su, ko su ga wahalar zuwa banki ta fi ƙarfin kuɗin. Katin yana da ranar da wa'adinsa ke ƙarewa, kuma wasu katunan ana zaftare musu wani abu idan sun daɗe ba a taɓa su ba.

Matsalar da ta fi caji girma

Duk waɗannan lissafe-lissafe ne da mai ilimin boko zai iya kiyayewa. Babbar damuwar ita ce wanda ba zai iya ba.

A ɗauki dattijuwar da ta sayar da shanu ko ta tara kuɗin amfanin gona na shekaru ta biya kujera. Ba ta taɓa tsayawa gaban ATM ba. A gida idan tana son kuɗi, jikanta take aika wurin mai POS. Yanzu ga ta a Makka, ga na'ura mai rubutu da Larabci da Ingilishi, ga layi a bayanta. Abin da za ta yi a bayyane yake: za ta miƙa katin ga wani, ta faɗa masa lambar sirri. Idan mutumin kirki ne, ta dace. Idan ba haka ba, an gudu ba a tsira ba, domin wanda zai iya musanya mata takardar dala zai iya cire riyal 1,000 ya ce mata 500 na'urar ta bayar.

Idan aka shigar da lambar sirri ba daidai ba sau uku, katin kan rufe, wata na'urar ma ta haɗiye shi. A gida sai mutum ya je reshen bankinsa. A Mina fa?

Ga kuma batun layin waya. Bankuna na aika saƙon shaidar cire kuɗi da lambar tabbatarwa zuwa layin da mutum ya yi rajista da shi a Najeriya. Mafi yawan alhazai suna cire wannan layi su sa na Saudiyya da zarar sun sauka. Daga nan ba sa ganin abin da ke fita daga katinsu, kuma duk sayayyar intanet da ke buƙatar lambar tabbatarwa ta tsaya.

Masu goyon bayan kati na cewa Saudiyya ta yi nisa a harkar biyan kuɗi ta na'ura, kuma gaskiya ne. Babban bankin ƙasar ya sanar da cewa a 2023 kaso 70 cikin 100 na cinikin yau da kullum an biya shi ne ba da tsaba ba. A manyan shaguna, kantunan magani da gidajen abinci da ke kewayen Harami, ɗora kati a kan na'ura kawai ake yi. A 2024 ma Ma'aikatar Hajji da Umara ta ƙasar ta ƙaddamar da wata lalitar waya mai suna Nusuk Wallet domin mahajjata.

Amma a duba inda alhajin Najeriya ke kashe kuɗinsa. Mai aski bayan jifa. Mai tura keken marasa ƙarfi. Matan da ke sayar da tuwo da miya a kusa da masauki. Mai shimfiɗa tasbaha, dadduma da jallabiya a bakin hanya, inda ake taya kaya a yi ciniki. Direban da aka haɗa kuɗi aka ɗauka zuwa ziyara. Sadakar da ake miƙa wa masu shara. Kusan duk wannan da riyal biyar, goma, ashirin ake yin sa, hannu da hannu. Saboda haka ko an ba alhaji kati, ƙarshenta sai ya nemi tsaba, kuma kowace nema da cajinta.

'Yan kasuwa, ɗalibai da masu jinya

Ga waɗannan rukunoni lissafin ya sha bamban, domin yawancinsu sun saba da banki kuma kuɗin da suke tafiya da shi ya fi yawa.

Dokar Najeriya ta wajabta wa duk wanda zai fita ko zai shigo da abin da ya haura dala 10,000 ya bayyana wa jami'an Kwastam. Wanda ya ɓoye aka kama shi, yana iya rasa kuɗin ya kuma gurfana a kotu. Kati yana rage wannan haɗari, da na kwana a otal da damin kuɗi.

Ga uban da ɗansa ke karatu a waje, katin da ake iya zuba wa kuɗi daga gida yana ba shi damar aika na wata-wata da ganin yadda ake kashewa. Ga mai jinya, manyan asibitoci na karɓar kati, amma ya kamata ya san iyakar abin da katin ke bari a kashe a rana, kada a zo biyan kuɗin aiki na'ura ta ƙi.

Mai zuwa China kuma ya sani cewa ƙananan shaguna a can sun fi amfani da manhajojin Alipay da WeChat Pay fiye da katunan Visa da Mastercard. Manhajojin biyu sun buɗe wa baƙi damar haɗa katinsu na waje da su, kuma ya fi kyau a gwada haɗawar tun daga gida.

Akwai wani sauyi da ya kamata a lura da shi. Tsakanin 2022 da farkon 2023, bankunan Najeriya sun rage abin da ake iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawansu suka rufe gaba ɗaya. A tsakiyar 2025 wasu manyan bankuna sun sake buɗewa, da iyakar da kowane ya sa. Wannan ya ƙara wa matafiyi zaɓi, sai dai darasin shekarun baya yana nan: banki na iya rufe wannan ƙofa da saƙon waya guda, kana tsakiyar tafiya. Dalar da aka riga aka zuba a katin guzuri ta fi wuyar shiga irin wannan hali.

Ina mafita?

Muhawarar da ake yi a yanzu ta zama ta "ko duka a kati, ko duka a hannu", kuma kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. CBN na da hujja kan zurarewar dala da satar guzuri. NAHCON da malaman bita na da hujja kan halin da alhajin karkara zai shiga.

Abin da ya fi dacewa da yanayinmu shi ne a raba guzurin, wani kaso a hannu don buƙatun kwanakin farko da ƙananan sayayya, sauran a kati. A kuma bar wa maniyyaci zaɓi tun lokacin rajista, domin malamin jami'a da ke zuwa karo na uku da tsohuwar da ba ta taɓa shiga jirgi ba bai kamata a yi musu ɗinki ɗaya ba.

Idan har za a tilasta kati, akwai abubuwan da ya wajaba su riga shi. A raba katunan watanni kafin tashi, a sa koyon amfani da su cikin darussan bita da Hausa da sauran harsuna, kowa ya gwada da hannunsa. Bankin da ya samu aikin ya rubuta cajinsa ƙarara a takarda guda. Ya ajiye ma'aikata masu jin harshen alhazai a masaukan Makka da Madina, waɗanda za su iya buɗe katin da ya rufe ko sauya wanda ya ɓata a ranar. A kuma fayyace yadda za a karɓi ragowa bayan dawowa, da yadda magada za su karɓi na mamaci.

Kafin hukumomi su kai ga haka, matafiyi na da nasa aikin. Tambayi bankinka nawa ne cajin kowace cira a waje, da iyakar cira a rana. Sauya lambar sirri ka gwada katin kafin ka tafi. Sanar da banki ƙasar da za ka da ranakun tafiyar, kada su ga ciniki daga waje su rufe katin bisa zargin sata. Bar layinka na gida a waya ko da ba za ka yi kira da shi ba, ka tabbatar yana karɓar saƙo a waje. Rubuta lambar kiran bankin a takarda, ka ajiye ta daban da katin, kuma kada ka rubuta lambar sirri a jikinsa. Idan za ka ciri kuɗi, ciri mai ɗan yawa sau kaɗan, a na'urar da ke jikin banki. Riƙe 'yar tsaba a wani wuri daban saboda ranar da na'ura za ta ƙi.

Wanda kuma zai tura mahaifiyarsa ko mahaifinsa, ya zauna da su ya nuna musu bambancin takardar dala 100 da ta dala ɗaya, ya nuna musu yadda ake sa kati, ya kuma san amintaccen da zai tsaya musu a cikin tawaga tun kafin ranar tashi. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma riyal 1,875 a wata guda, kimanin riyal 62 ke nan a rana, ba kuɗin da za a bari caji ko ɗan damfara ya ci wani abu a ciki ba ne.